Surukina Ya Ce Tsuntsaye, Ɗorawa Kuwa Tana Ƙarewa

Hajiya Mardiya, don Allah ki agaza mini da shawara, na rasa inda zan sa kaina. Ina aiki da wata ƙungiyar raya karkara mai ofis a Dutsin-Ma, ni ce tafintarsu idan an shiga ƙauyuka. Bana aka turo mana masu bincike daga ƙasar waje su tambayi manoma: cikin itatuwa, tsirrai da namun daji, wanne ya fi buƙatar a bincika kafin ya ɓace? Abin da aka zaɓa shi za a bi shekaru masu zuwa, sauran kuwa sai wani jiƙon.

Aka tashi farawa, sai aka fara da ƙauyen mijina a yankin Wurma, inda surukina ne mai unguwa. Shugabar baƙin mace ce mai son tsuntsaye kamar me, ko belbela ta gifta sai ta tsayar da mota ta ɗaga tabaron hangen nesa. Baba, wato surukin nawa, ya lura da ita sarai. Aka dama musu fura, aka yanka zabi. Da aka zauna taro ta yi tambayarta, sai ya gyara zama ya ce tsuntsaye ne babbar damuwar garin. Hajiya, mutumin da duk kaka yake rataye gwangwanaye a gona don korar tsuntsayen jan-baki daga gero. Maza suka ce haka ne. Mata suna can baya kan tabarma, ba wadda za ta ɗaga murya gaban surukai. Ni kuma da bakina na mayar da maganar Turanci, matar nan har da tafi.

Da na kai wa Baba ruwa bayan la'asar, na ji yana faɗa wa ƙaninsa wai baƙon da ya ci abincinka ba a hana shi abin da ya zo nema. Shi a wurinsa karamci ya yi.

Alhali kowace mace a yankin ta san ɗorawa ce ke ƙarewa. Tsofaffin suna bushewa ɗaya bayan ɗaya, ƙanana ba sa tasowa, ba wanda ya san dalili. Mahaifiyata Inno, a Birchi, da daddawa ta rene mu. Yanzu kalwa ta gagare ta, ta koma waken soya, tana dafawa tana tsaki. Abin yana ci mini rai.

Mako mai zuwa za a rufe magana a ofis. In na yi shiru na ci amanar su Inno. In na yi magana na ƙaryata surukina, kuma direbanmu ɗan garin ne, kafin in sha ruwa labari ya isa. Maigidana ya ce in bar kaza cikin gashinta. Na kasa zama wuri ɗaya, in fara wanki in bar shi, in ɗora tukunya in manta. Yaya zan yi?

Taki,
Tafinta daga Kurfi

Amsa

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Abin da aka faɗa kika fassara, ba ki da laifi a nan. Baba ma ba maƙaryaci ba ne, ya girmama baƙo ne yadda ya gada, kuma kula da tsuntsaye ba aikin banza ba ne. Maigidanki ma yana da hujja, aikin ƙungiya yakan ƙare, surukuta kuwa tana nan.

Amma shiru ba naki ba ne. Baƙin nan da kunnenki suke ji. Idan suka tafi da maganar kara a matsayin gaskiya, shekarun binciken za su wuce ɗorawa tana bushewa.

Kada ki kai maganar ofis tukuna, ki kai ta gida. Ki samu uwar mijinki, ita ma da daddawa take miya. Ita ta san lokacin da ake yi wa Baba magana ya saurara. Kada a ce masa ya yi kuskure. A tambaye shi kawai: tsuntsayen da ya roƙa wa bincike, in ɗorawa ta ƙare a ina za su sauka? Dattijo ba ya son janye magana, amma ƙara magana ba ya yi masa wuya. Ya aika wa baƙin cewa akwai ragowar zance.

Sannan ki roƙi shugabar ta yi zama da mata zalla a cikin gida, ta ji daga bakinsu. Wannan yana cikin aikinki, ba wanda zai ga baikenki. In Baba ya ƙi, ki bayyana mata al'adarmu ta faranta wa baƙo, ba tare da kin kama sunan kowa ba. Ki yi haka kafin a rufe magana, ko da maigida zai ɗaure fuska kwana biyu.

Na fi zaton ba za a kai nan ba. Mutumin da ya yanka zabi don baƙuwa ta ji daɗi ba zai so ta koma ƙasarsu da rabin zance ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa Inno ta sake dafa kalwar gonar gida.

Hajiya Mardiya