Layin da Na Tsallake a Jikin Kwalba

Zuwa ga mai kamfanin da ke yin ruwan maganin gwanda da abarba, wanda ake sayarwa a kasuwannin Bodinga da Shagari.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ban san sunanka ba, don ba ka sa shi a kwalbar ba, shi ya sa na biyo ta jarida.

Ni malamin firamare ne a Bodinga. A gidanmu ni kaɗai na yi boko, saboda haka duk takardar Turanci ni ake kawo wa. Yayana Umaru manomin albasa ne a Horo Birni, yana da ciwon sukari. Tun da aka shiga tsuke bakin aljihu ƙwayar maganinsa ta yi wuyar samu. Bayan Babbar Sallar bara ya ji mutanenka da lasifika a kasuwar Shagari, ya sayi kwalba biyu, ya kawo mini in karanta masa.

Ga ƙorafina:

1. Da manyan baƙaƙe an rubuta cewa likitocin ƙasashen waje sun gwada shi. Waɗanne likitoci, a wane asibiti, kan mutum nawa? Kwalbar ba ta faɗa ba. Ni ma, da duk bokona, ban tambaya ba.

2. Masu tallarka suna cewa yana maganin sukari, hawan jini, basir da ciwon hanta. Ranka shi daɗe, gwanda muna da ita a bayan gida, ba mu taɓa jin ta yi wannan aiki ba.

3. A can ƙasan kwalbar, da baƙaƙe ƙanana kamar ƙwayar gero, an ce wannan abin sha ne kawai, ba ya warkar da wata cuta.

Na ga wannan layi. Na karanta shi a zuciyata, na ɗaga kai na ga Yaya yana murmushi, ga surukinsa da maƙwabta zaune. A wurinmu ƙane ba ya nuna wa yayansa a gaban mutane cewa an cuce shi. Na ce a raina sai mun keɓe. Da muka keɓe kuma na ji nauyi, na ce wa kaina ai ruwan 'ya'yan itace ne, ba zai yi masa komai ba. Ban san zai bar ƙwayarsa gaba ɗaya ba.

Da damina fartanya ta yanke shi a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. A Sakkwato aka cire masa ƙafar daga gwiwa. Bana ba shi ya dasa albasarsa ba. Ko sau ɗaya bai zarge ni ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Ina roƙonka abu biyu. In kana da shaidar gwajin nan, ka buga ta kowa ya gani. In ba ka da ita, ka sa masu lasifika su riƙa faɗin layin ƙasan nan da Hausa, da ƙarfin da suke faɗin sauran.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka ci halal, ya yafe mana ni da kai. Ranar da wannan takarda ta fito zan hau mota zuwa Horo Birni in karanta wa Yaya ita da bakina, don har yanzu bai san na ga layin nan ba.

Wassalam.

Malam Bello, Bodinga.