Matar da Na Sa Aka Kora, Ɗanta Ne Zai Karrama Ni

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah ka ɓoye sunana da lambata, na san wasu 'yan yankinmu za su iya cankar ko ni wane ne, to in sun canka su bar shi a cikinsu zuwa ranar Asabar. Don Allah ku ba ni shawara, dattijo ne ke rubuto muku, na haura saba'in da biyar, kuma yau kwana huɗu ke nan abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Ku yi haƙuri da tsawon labarin, mu tsofaffin ma'aikata ba mu iya gajarta magana ba.

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa ya ruga ya sayo babur da rediyo, ni ma'aikacin raya karkara ne, ina zagaya ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Aikinmu shi ne mu zauna da mutanen gari su faɗi abin da suke so, rijiya ce ko hanya ko ɗakin shan magani, su yi gayya su kawo ƙarfinsu, hukuma ta kawo kayan aiki. Da muka ga an fara yi mana kallon 'yan rakiyar 'yan kwangila, sai muka kafa ƙungiyarmu ta masu wannan sana'a, har da malaman gona da dubagari da malaman yaƙi da jahilci, aka zaɓe ni ciyaman. Ba albashi ba alawus, man babur ma daga aljihuna, amma wallahi a lokacin na fi son a kira ni Ciyaman da a kira ni da sunan da ubana ya raɗa mini. Allah ya ba ni baki, in na miƙe gaban taro har mai gari sai ya manta da goron da ke bakinsa. Doka ɗaya muka kafa muna alfahari da ita, ba aikin da za a fara a ƙauye sai 'yan ƙungiya biyu sun sa hannu cewa an zauna da mutanen wurin an ji daga bakinsu.

Mace ɗaya ce tal a cikinmu, zan kira ta Malama Lami, ba sunanta ba ne. Tana bin gidaje tana koya wa mata karatu da saƙa da tsafta. Ba ta da yawan magana, a mitin sai ta zauna can ƙarshen benci, amma in ta buɗe baki sai ka ga kowa ya gyara zama, abin da ni kuma ba na so ke nan.

Wata shekara da rani aka ce an ba yankinmu aron katafila na mako biyu, daga nan za ta wuce Sabuwa, in muna da wurin da ke son dam mu hanzarta. Akwai wata unguwar Maguzawa gaba da Daudawa da ke fama da ruwan shanu, na ɗauki Malama Lami muka je. Na sa aka tara magidanta a gindin tsamiya, na zuba musu bayani, na nuna musu 'yar fadamar da ke ƙasan gari na ce nan ne ruwa zai tsaya. Sarkin Nomansu ya dubi mutanensa, ba a yi minti biyar ba ya ce mu ɗauka. Ban taɓa samun taro mai sauƙi irinsa ba, har ina ce wa raina ka ga aikin gwani. Da muka fito bakin hanya na miƙa mata takarda da biro, sai ta mayar da hannunta cikin mayafi ta ce, "Ciyaman, maza ka ji, ba ka ji gari ba."

Ta yi mini bayani a tsaye a nan. Ta ce a wurin mutanen nan gandu na maigida ne, amma kowace mace tana da gayaunarta, wato 'yar gonarta ta kanta wadda miji ba ya sa mata baki, kuma gayaunin matan unguwar kusan duk a fadamar nan suke. Nan suke dankali da rake da albasa, da shi suke miya da sutura da auren 'ya'ya. Mazan sun amsa da sauri ne saboda abin da suka bayar ba nasu ba ne. Mu kuwa a cikin gari muka tashi, inda mata ke cikin gida, in maigida ya ce to, gida ya ce to, ko a mafarki bai zo mini cewa akwai wani taro bayan na maza ba. Ta roƙe ni kwana uku kacal ta tara matan a ji ta bakinsu, ta ce wataƙila ma su nuna mana wani kwarin da ya fi. Ni kuma katafila kawai nake gani tana wucewa Sabuwa a ce a zamanin ciyaman wane aka yi asararta. Na ce mata ta koma ta ci gaba da koyar da saƙar hula, maganar dam ta fi ƙarfinta. Na kai wa sakatarenmu takardar, mutumin da ko hanyar unguwar bai sani ba, ya sa hannu, Allah ya jiƙansa.

Ranar da katafila ta iso muka tarar da mata sun riga mu fadamar, da fartanya da goyo, sun zazzauna a kan kunyoyin gonakinsu. Direba ya kashe inji ya sauka ya yi nesa. Wata tsohuwa ta tono dankali bai gama ƙosawa ba ta zube shi a gaban takalmina, ta koma ta zauna. Sai da aka kirawo 'yan doka aka ɗaga su da ƙarfi, wasu sun sha kulki, aka yi dam ɗin a kan amfanin gonarsu.

Magana ta kai sama, aka rubuto ana tambayar ƙungiya yadda aka yi aikin da aka ce jama'a sun yarda da shi ya zama rigima. Muka kira mitin na gaggawa a wani ajin firamare a Faskari, ni ke kan kujera. Wani ya miƙe ya ce shi dai an ga Malama Lami tana shiga gidajen matan kwana biyu kafin abin ya faru. Gaskiya ne an gan ta, ranar darasinta ce. Nan take aji ya ɗauka, ita ta zuga su. Ni na san da na buɗe baki na faɗi gaskiya, za a gane cewa ciyaman da kansa ya karya dokar da yake wa'azi da ita, ya kuma sa an yi sa hannun ƙarya. Aka ce ta kare kanta, ta miƙe, ba ta dubi kowa ba sai ni, ta ce, "Ciyaman ya san abin da na gaya mashi a bakin hanya." Na ce ni ban tuna ta gaya mini komai ba. Aka ɗaga hannu aka kore ta, na sa hannu a takardar, na aika da kwafi ofishinsu. Wata bai cika ba aka dakatar da ita daga aiki, mijinta ya ce dama ya gaji da yawon ƙauye, ta zauna gida ke nan har yau. Dam ɗin ma 'yan shekaru ya yi yashi ya cike shi, matan suka koma ƙwadago a gonakin mutane.

Abin da ya fi wannan muni shi ne, shekara na zagayowa na kawo wa ƙungiya sabuwar doka, cewa dole a yi wa mata nasu zaman daban kafin a sa hannu a kowane aiki. Aka yi ta tafi, aka ce Ciyaman akwai hangen nesa. Har yau da sunana ake kiran tsarin nan, an sha gayyata ta wokshop ina koyar da shi, ina ba da misali da rigimar fadama ba kunya ba tsoron Allah. Na je Makka na roƙi gafarar abubuwa manya da ƙanana, wannan kuwa ko a addu'a tsallake shi nake yi.

Bayan shekaru ɗan Malama Lami, zan kira shi Malam Sani, ya gama karatu ya shigo wannan sana'a. Ya same ni har gida ya durƙusa ya ce ya san abin da mahaifiyarsa ta yi wa ƙungiya, yana so in riƙe shi ya wanke sunan gidansu. Na riƙe shi. Baba yake ce mini, ɗansa na fari sunana ya ci, yanzu shi ne sakataren ƙungiya, har furfura ta fara fito masa. Ranar Asabar ɗin nan za su yi babban taro a Ƙanƙara su ba ni lambar yabo, shi ne zai miƙa mini. Sun kuma shirya ɗan littafin tarihin ƙungiya, makon jiya ya kawo mini in duba. Labarin fadama na ciki a matsayin darasi, yadda wata mamba ta zuga jama'a, ya cire sunanta da hannunsa. Ya tambaye ni ko haka abin ya faru, yana magana kansa a ƙasa. Jama'a, na sake cewa haka ne.

Tun ranar na rasa sukuni, shekaranjiya da hantsi na shirya na tafi Faskari wurinta. Tana kwance, ciwo ya cinye ta, idon ma ya tafi, 'yan gidan sun ce likita ya ce a koma gida a yi ta addu'a. Ina yin sallama ta gane muryata, ta ce a ba mu wuri. Na zauna a ƙasa na ce Hajiya na zo neman gafara, hawaye suka hana ni ƙarasawa. Sai ta ce, "Alhaji, mi za ni yahe maka a ɗaki? Ba a ɗaki ka ɓata ni ba."

Na tambaye ta me ya hana ta gaya wa Sani gaskiya duk shekarun nan. Ta ce tun yana ƙarami ta gwada sau ɗaya, daga baya ya ga takardar korarta da hatimi, wa zai bar hatimi ya kama maganar tsohuwa. Ta ce da ya girma kuma ta ga ya samu uba a wurina, sai ta kasa raba shi da ni. Har na kai bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Aikin ban damu da shi ba, ya wuce. Ɗana dai nike so ya dube ni sau guda ba da kunya ba."

Na gaya wa uwargidana komai, ta ce in rufa wa kaina da 'ya'yana asiri, tunda na je na roƙa ai na fita. Na kira ciyaman na yanzu na ɗan gutsura masa, ya ce Baba don girman Allah kar ka yi mana haka, a halin da yankinmu ke ciki 'yan ƙungiyar nan ne kaɗai suka rage da in sun kira taro a ƙauye ake fitowa, in aka ji tushenmu ƙarya ne wa zai sake zama da mu. Matan fadamar da ya kamata in durƙusa musu yawancinsu sun rasu, unguwar ma ta watse. Ina jin maganganun nan ina gyaɗa kai, amma ni na san ba ƙungiya nake tausayi ba. Tsoro nake ji. Tsoron idon Sani nake ji, da na jikan nan da ake kira da sunana, da yadda zan bi layi zuwa masallaci ranar Lahadi. Ina jin kunyar kaina ƙwarai, kuma na gaji.

Ɗazu da safe Sani ya bugo mini waya yana murna, ya ce jikin Hajiya ya ɗan yi dama, ya samo keken marasa lafiya, zai kawo ta taron ya ajiye ta a layin gaba. Ya ce yana so kafin ta bar duniya ta ji da kunnenta ana karrama mutumin da ya rufa mata asiri.

To jama'a me zan yi? In kira shi gobe mu biyu in gaya masa, alhali ita ta ce ba a ɗaki aka ɓata ta ba? In bari sai ya miƙo mini lambar in karɓi lasifika in faɗa a gaban kowa, ko hakan zai zama na tozarta shi a ranar da ya fi kowa wahala a kanta? In kuma jikinta ya juya kafin Asabar fa? Masu ilimin addini da masu hankali a cikinku don Allah ku yi mini magana, ku zage ni ma in kun ga dama, na cancanta, amma kar ku ce in bar wa Allah, shekara kusan hamsin ke nan da wannan kalmar nake ɓuya. Kwana uku ya rage, ku gaya mini da wace kalma mutum ke fara gaya wa wanda ke ce masa Baba cewa uwarsa ce mai gaskiya.