Abin da Ƙodata Ta Gaya wa Likita

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Yaran na tafiya makaranta da kansu, ko har yanzu sai an kora su?

Ka taya ni jinjina wa likitocin nan, ilimi ya zauna musu. Da suka cire mini ƙodar hagu da ƙarin da ke jikinta, ba su yar ba, sai suka yanki kaɗan suka kai ɗakin bincike. Wai a cikin ciwon daji akwai ƙwayoyin gado, wasu na surutu, wasu sun yi gum, kuma daga masu ɗaga murya ake gane ko ciwon zai dawo. Abin ya burge ni. Na yi ta tambaya har likitar ta fara duba agogo.

Jiya sakamako ya fito. Duk na'urorin nan, amsar ita ce ina tsakiya: ban shiga masu babban hatsari ba, ban kuma tsira ba. Ko in zauna nan shekara ina karɓar magani mai jigatarwa, ko in taho gida a riƙa duba ni. Wai zaɓi nawa ne.

Kada Inna ta ji. Ce mata ina cin abinci, kuma ina ci ɗin, in ya yarda ya zauna. Turo mini hoton yaran. Allah ya bar zumunci, daga ƙaninka mai ƙoda ɗaya.

Af, kai da ka riga ni shiga kasuwa, in mai ciniki ya jujjuya kaya ya ce “wataƙila in dawo,” kana fasa tashi ka zauna jiransa?