Ashe Jirgin Naki Na Ruwa Ne

Gaisuwa mai tarin yawa ga mutanen Yuganda baki ɗaya, manyansu da ƙananansu, masu noman ayaba da masu cinta, malaman makarantarku har da mai gadin ƙofa, da ƙawarki Hajaratu wadda aka ce ita ta ƙulla wannan tafiya, Allah ya shirye ta. To duk ku matsa gefe. Haladu ne na Garo, likitan injin ban ruwa, wanda in ya yi gyaran murya mataccen inji ke tashi, zai yi magana da tasa.

Najiba, ruwan farko na damina, sanyin da ke tasowa daga gonar albasa da sassafe, inuwar darbejiyata ranar da gari ya ɗau zafi. Ke ce tumatirin da ya nuna a saman kwando, wanda mai shi ke cewa wannan ba na sayarwa ba ne. In kin ga wani harafi ya kwanta ki tashe shi da kanki, kin san ni da rubutu gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ranar Talata kin turo min murya, kina dariyar nan taki mai sa in manta sifana a cikin inji. Kika ce Asabar ɗin nan ku huɗu za ku je buɗe ido, kun samu jirgi mai araha, kun soya cincin kun ƙulla garin kwaki don kada ku sai abincin hanya, ɗaki ɗaya za ku kama ku kwana a jere kamar buhuna. Ni da na ji kin ce jirgi, sai na ɗaga kai sama. Ina kuma zan kalla? Kafin la'asar babu teburin mai shayin da bai ji ba daga Garo har Kabo, cewa matar da Haladu zai aura ko yawon ƙarshen mako a jirgin sama take zuwa. Na ce kusa da direba ake ba ki kujera. Wani jirgi ya gifta ta saman gari na ɗaga masa hannu, na ce wa jama'a irin naki ne, sai dai naki ya fi fenti.

Jiya na je garinku Mainika duba injin Babanku, sai yayanki Zayyad ya miƙo min waya wai in ga hoton jirgin da za ku hau. Najiba. Katako ne. Dogon kwalekwale ne da ɗan inji ɗaya maƙale a bayansa, mutane a cushe har da buhunan gawayi, ga ruwa kuma ya tafi ya tafi har ya haɗe da sama, babu ɗaya gaɓar. Wai tafki suke ce masa. Wane irin tafki ne ba a hango ƙarshensa? Sifanar da ke hannuna ta suɓuce ta faɗa rijiya, Baba ya ce lafiya, na ce rana ce.

Ba rana ba ce. Kin tuna ƙaramar Sallar da ta wuce kafin ki tafi, da muka je bakin dam ke da ƙannenki? Kin sa atamfa mai ruwan ganye, iska tana wasa da mayafinki, kika shiga kwalekwale kika miƙo min hannu. Na ce shaddata sabuwa ce, na ce kuma jirgin bai kai ya ɗauki babban mutum irina ba. Kuka yi ta dariya, ni ma na taya ku. Ba ki ga yadda na riƙe bishiyar nan ba har kuka dawo.

Yau zan faɗa miki abin da ko a majalisa ban taɓa faɗa ba. A wannan gaɓar yayana Nasir ya cire takalmansa ya ba ni, ya ce in riƙe masa kada su jiƙe, zai tsallaka da albasa ya dawo. Ina kallo iska ta taso, ina kallo jirgin ya kife. Na tsaya da takalman nan a hannu har aka kira la'asar, ina jiran ƙafafun da za su shiga ciki. Shekara tara ke nan. Kullum a bakin ruwa nake neman abincina, ni ke jawo shi ta tiyo in kai shi gonar mutane, amma ko gwiwata ban ƙara bari ya taɓa ba. Haladun da ya ce ya taɓa korar kura da tocila, ga shi nan, ruwa yake tsoro.

To yaya zan yi da raina, hasken idona? Ke da ko a randa ba ki iya iyo ba? In iska ta taso a tsakiyar wancan ruwa, wa zai miƙo miki hannu, ni ina nan Garo da baƙin mai a farce? In na rufe ido mayafinki nake gani yana yawo a kan ruwa shi kaɗai.

Ba zan ce kada ki je ba. Shekara biyu daga aji sai asibiti, kin cancanci ki ga duniya, kuma na san in da na sama kuke da hali da shi za ku hau. Amma ki ji roƙona. Rigar nan mai ruwan lemo da ke hana nutsewa, ki sa ta ki ɗaure har wuya, ko Hajaratu za ta ce kin yi kama da kabewa. Ki zauna a tsakiya. Kada ki leƙa don hoto. In kin ga lodi ya yi yawa ko sama ta haɗe rai, ki sauko, cincin ɗin ba zai lalace ba. Sannan kafin ku tashi ki kai wayarki kusa da injin ki ɗauko min kukansa. A nan kam ba cika baki nake ba, in yana da ciwo daga tari ɗaya zan sani. In na ce ki sauka, don girman Allah ki sauka.

Ni kuma ga alkawarina. Ranar da kika dawo, zan kai ki bakin dam da sabuwar shadda, in riga ki shiga kwalekwalen, ko da ido rufe ne. Ba ni da wata sai ke, ba kuma zan yi ba, ko rijiyoyin Gwarzo da Kabo duk za su ƙafe.

Tsaraba kuwa na yafe, kada ki sayo min komai. Abu ɗaya za ki turo min, da kun isa, kafin ki sha ruwa, kafin ki kira Inna. Hoton takalmanki a kan busasshiyar ƙasa, da ƙafafunki a ciki.

Naki har ƙarshen numfashi,
Haladu na Garo, yana bakin gaɓa yana jira.