Ramin da Mahadi Yake Haƙa

Litinin, 4 ga Disamba, 2023
Saƙon murya daga ƙanena Mahadi, bayan dogon shiru. Wai makarantarsu ta tura shi can ƙarshen kudancin duniya yana haƙa rami cikin dusar ƙanƙara. Tari yake yi. Muryar kamar daga rufaffen ɗaki. Ban yarda ba.

Asabar, 9 ga Disamba
Na je Bungudu duba Inna. Ƙafarta ta ƙara kumbura. "Yaushe autana zai zo?" Na ce ya kusa.

A mota Ɗanlami direba ya ce ɗan maƙwabcinsa na Tsafe ma haka ya riƙa cewa "aiki", ashe kurkuku yake.

Alhamis, 14 ga Disamba
Na tambayi Mahadi kai tsaye a waya, wa ya kama ka? Dariya ya yi. Ya ce, "Yaya, can dusar ba ta narkewa. Ta bana ta sauka kan ta bara ta danne ta. Ƙwayoyin su manne, iskar tsakaninsu ta ragu. Ba dusa ba ce kuma, ba ta kai ƙanƙara ba." Wai yanka suke yi suna aunawa, ta ƙasa ta fi ta sama nauyi.

Bayanin ya yi tsari da yawa. Tun yana yaro in zai yi ƙarya haka yake jero ta.

Juma'a, 22 ga Disamba
Babu saƙo daga Mahadi. Ban iya cin abinci ba.

Lahadi, 7 ga Janairu, 2024
Bidiyo ya shigo daga Mahadi. Fuska ta ƙone, leɓe ya tsage. Na ce a raina dukansa aka yi. Sai ya juya wayar ga bangon ramin, fari, layi bisa layi. Sama ya tura yatsa ya shige. Ƙasa ya danna wuƙa da ƙarfi kafin ta kama.

Na kai wa Inna. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ba ya cin abinci."

Talata, 16 ga Janairu
A tashar Gusau wata mata ta ce ta ji an tsare ɗan Inna a Turai. Na ajiye kayana na yi mata bayanin dusar tun daga sama har ƙasa, har mota ta cika ta bar ni.

Ban ce na yarda ba. Na dai sayo masa man leɓe na ajiye.