Wani Ɗan Lau Ya Ɗauke Manhajar Jikata

Don Allah a taimake ni kafin in hau mota.

Ni tsohuwa ce a Abbare ta Jalingo, karatuna bai wuce firamare ba. Ina da jika, Godiya, wadda nake kira kishiyar kwamfuta don ko tuwo a gabanta take ci. Yarinyar nan ta ƙera wata manhaja ta waya mai tuna wa mata lokacin rigakafin kaji. Kajina ma sun shaida, bana ko ɗaya bai sheƙa ba. Kwatsam sai ga wata 'yar cocinmu ta dawo daga Lau da abin a wayarta, an sauya masa launi, an ƙara shanu da Fulatanci, kuma sunan wani Simeon ne a kai. Na duba sama da ƙasa, ba Godiya.

Na faɗa mata, sai dariya. Wai ita ce ta baza shi a intanet da gangan, wai buɗaɗɗiyar manhaja ce, 'yantacciya. Ni dai ban taɓa jin an 'yanta abu don ɓarawo ya huta ba. Na riga na gano gidan su yaron, zan je in zauna wa uwarsa a tsakar gida. Godiya ta rantse in na je ba za ta ƙara nuna min aikinta ba. To in ƙyale guminta ya bi ruwa?

Kakar Mai Kwamfuta, Jalingo

Kaka, a ajiye mayafin tukuna.

Buɗaɗɗiya na nufin an bayyana rubutun da aka gina manhajar da shi, kowa zai iya karantawa ya gyara. 'Yantacciya kuma ta fi mayar da hankali kan haƙƙin mai amfani: ya yi aiki da ita, ya fahimce ta, ya sauya, ya raba wa wasu. Saboda haka ɗaukar da Simeon ya yi da ƙarin shanun ba sata ba ne. Abin da Godiya ta buɗe ƙofa a yi ke nan, kuma yanzu makiyaya ma sun samu.

Amma idonki ya ga gaskiya a wuri guda. Buɗewa ba ta mayar da abu marar mai shi. Akwai sharuɗɗan da marubuci ke haɗawa da aikinsa, ana kiransu lasisi. Yawancinsu sun hana cire sunan mai asali, wasu ma sun wajabta wa wanda ya gyara ya buɗe nasa gyaran.

Ki sa Godiya ta karanta miki wanda ta zaɓa, sannan ita da kanta ta nemi Simeon ya mayar da sunanta. Sau da yawa rashin sani ne. In ya ƙi, tana da hujja a hannu, kuma ta fi ki sanin inda za ta kai ƙara. Ki matsa mata lamba har ta yi, a nan ne taurin kanki zai yi amfani. Uwar Simeon kuwa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, a bar ta ta sha iska.

Allah ya ƙara lafiya, ya raya Godiya.