Akwatin Dara da Ƙasar Zermu

Zuwa ga ƙanena Tahiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da ƙafarta? Yaya Zuliha da yara? Allah ya kawo mana ruwa.

Ni lafiya lau a Abijan. Karatuna ma bai ɓata ba, kullum ina karanta rubutun jikin buhunan da nake ɗauka a tashar jirgin ruwa.

Damuwarmu ɗaya: tsakar gidan hayarmu siminti ne, ba inda za a tona gurbin dara. Sai na tsinto katako, na haɗa akwati mai murfi, tsakuwa da 'yan itace kowa da ɗakinsa. Wani kafinta ya gani, ya yi salati. Na zuba yashin teku, amma gurbin rushewa yake.

Na ji kana shirin sayar da gonar Baba ta Zermu don ta hana gero. Kada ka yi. Auno mini tiya biyu na ƙasarta, ka ba Idirisu mai kamyo, babbar motar kayan nan mai zuwa Abijan, ya kawo mini in zuba a akwatin. 'Yan Damagaram abokan darata ne za su durƙusa a gabanta kowace yamma. Da wane baki zan ce musu ta wani ce?

Yayanka,
Suma'ila